Gina Tubalin Bincike ga Aikin Koci na Ƙwararru Mai Dogaro da Hujja

Tsakure

Aikin koci na ƙwararru sana'a ce da kasuwarta ta riga bincikenta girma. Kamfanoni da hukumomi sun daɗe suna biyan kuɗi masu yawa domin a zauna da manajojinsu ana tattaunawa, tun kafin a samu gwajin da ya tabbatar da cewa zaman yana haifar da wani sauyi. Wannan maƙala ta bi diddigin yadda masana suka yi ƙoƙarin cike wannan giɓi, tun daga rubuce-rubucen farko na 1937 zuwa manyan nazarce-nazarcen da suka tattara sakamakon gwaje-gwaje a 2014 da 2016 da 2023. Ta fayyace abin da ake nufi da dogaro da hujja, ta nuna abin da bincike ya tabbatar, sannan ta kawo wuraren da ginin yake da sauran aiki. Maƙalar ta tsaya a kan cewa kwatanci shi ne ƙashin bayan hujja, kuma gamsuwar wanda aka yi wa aiki ba ta isa ta maye gurbinsa ba.

1.0 Gabatarwa

Hausawa sun san kalmar koci daga filin ƙwallon ƙafa, inda take nufin mai horar da 'yan wasa. Daga fagen wasanni ne kalmar ta ƙaura zuwa ofisoshi a ƙasashen Turai da Amurka, ta zama sunan wata sana'a mai zaman kanta. A yau ana samun kocin shugabannin kamfanoni da kocin malaman makaranta da kocin likitoci, har da kocin rayuwa. Manyan biranen Afirka ma ba a bar su a baya ba, domin tallace-tallacen masu wannan aiki sun cika kafofin sada zumunta.

Matsalar da ke tattare da wannan bunƙasa ita ce, a yawancin ƙasashe babu dokar da ta hana kowa ya wayi gari ya kira kansa koci. Likita sai ya yi rajista da majalisar likitoci, lauya sai an rantsar da shi, amma koci yana iya buga katinsa bayan kwas na 'yan kwanaki, ko ma babu kwas ɗin. Wanda ya biya kuɗinsa ya kuma buɗe sirrin aikinsa da na rayuwarsa ga irin wannan mutum yana da haƙƙin ya san ko hanyar da ake bi da shi an taɓa gwada ta. Hukumar da ke kashe kuɗin jama'a a kan kocin ma'aikatanta ita ma tana da wannan haƙƙi. Amsar wannan tambaya tana hannun bincike, kuma gina shi ya ɗauki masana shekaru masu yawa.

2.0 Ma'anar Aikin Koci da Asalinsa

Aikin koci na ƙwararru hulɗa ce mai tsari da wa'adi tsakanin koci da abokin hulɗarsa, wadda ake yi ta hanyar tattaunawa domin abokin hulɗar ya fayyace burinsa, ya tsara matakan cim masa, ya kuma riƙa bibiyar kansa. Ya bambanta da horo, inda malami yake zuwa da darasin da ya riga ya shirya. Ya bambanta da raino irin na ubangida da yaronsa, inda babba yake ba ƙarami daga abin da ya gani a sana'ar. Haka kuma ya bambanta da maganin damuwa ta hanyar tattaunawa, wanda ake yi wa mai larurar ƙwaƙwalwa ko ta zuciya. Babban makamin koci shi ne tambaya da sauraro, ba umarni ba.

Ana danganta yaɗuwar wannan salo da Timothy Gallwey, wani mai koyar da wasan tanis a Amurka, wanda ya wallafa littafi a 1974 yana cewa abin da ya fi hana ɗan wasa ci gaba shi ne shakka da surutun da ke cikin ransa. John Whitmore, tsohon direban tseren mota ɗan Birtaniya, ya ɗauko wannan tunani ya shigar da shi harkar kamfanoni. Littafinsa na 1992 ya yaɗa tsarin tattaunawa mai matakai huɗu da aka sani da GROW: buri, halin da ake ciki, zaɓuɓɓuka, da ƙudurin aiki. A 1995 Thomas Leonard ya kafa ƙungiyar kocina ta duniya wadda ake kira ICF, wadda a yau take cikin manyan masu ba da shaidar ƙwarewa a sana'ar.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, waɗanda suka assasa sana'ar masu aiki ne da 'yan kasuwa, ba masu bincike a jami'a ba. Sun gina hanyoyinsu a kan abin da suka ga yana yi musu aiki. Wannan ba aibu ba ne a karan kansa, domin sana'o'i da yawa haka suka faro. Sai dai ya bar sana'ar da tarin da'awoyi waɗanda ba a auna ba.

3.0 Abin da Ake Nufi da Dogaro da Hujja

Daga fannin likitanci aka aro wannan ra'ayi. A 1972 Archie Cochrane, likita ɗan Birtaniya, ya koka da cewa ana yi wa marasa lafiya magunguna da ayyuka da yawa waɗanda ba a taɓa gwada amfaninsu ba. Masana a Jami'ar McMaster ta Kanada suka ɗora a kan wannan kira, kuma a 1996 David Sackett da abokan aikinsa suka fayyace manufar a wata maƙala da ta shahara. Bayaninsu ya tsaya a kan duwatsun murhu uku: mafi ingancin sakamakon binciken da ake da shi, ƙwarewar mai aikin, da kuma yanayi da zaɓin wanda ake yi wa aikin. Idan aka cire ɗaya, tukunya ba ta zama.

Fannin da ya fi kusa da aikin koci, wato maganin damuwa ta hanyar tattaunawa, ya riga ya sha irin wannan gwagwarmaya. A 1952 Hans Eysenck ya yi iƙirarin cewa kimanin kashi biyu cikin uku na masu fama da damuwa suna samun sauƙi cikin shekara biyu, ko an yi musu magani ko ba a yi ba. Wannan magana ta harzuƙa masu sana'ar, amma ita ta tilasta musu shiga gwaje-gwaje. Sai a 1977 Mary Smith da Gene Glass suka tattara sakamakon bincike 375 suka nuna cewa maganin yana da tasiri na zahiri. Darasin da ke nan shi ne, mutane suna sauyawa da kansu, don haka sauyin da aka gani bayan zama da ƙwararre ba lallai ne zaman ya kawo shi ba.

Anthony Grant na Jami'ar Sidni a Ostiraliya shi ne ya fi kowa yaɗa kiran dogaro da hujja a aikin koci tun farkon shekarun 2000. Manufarsa ita ce a rarrabe kocin da ya tsaya a kan ilimin halayyar ɗan'adam da ka'idojin koyon manya daga wanda ya tsaya a kan littattafan zaburarwa. Buƙatar wannan rarrabewa tana fitowa fili idan aka dubi wasu labaran da suka zama ruwan dare a bakin masu horarwa. Akwai labarin wani bincike da aka ce an yi a kan ɗaliban Jami'ar Yale na 1953, wai kashi 3 cikin 100 da suka rubuta burinsu sun fi sauran duka dukiya bayan shekara 20. Wata mujallar kasuwanci ta Amurka ta bi sawun labarin a 1996 ba ta samu tushensa ba, ita ma jami'ar ta ce ba ta da shaidar an yi shi. Akwai kuma maganar cewa kalmomi kashi 7 cikin 100 kaɗai suke ɗauka na saƙo, wadda aka ciro daga gwaje-gwajen Albert Mehrabian na 1967. Waɗannan gwaje-gwaje sun shafi yadda ake fahimtar so ko ƙi ne idan kalma ta saɓa da murya ko fuska, ba sadarwa gaba ɗaya ba. Duk da haka, har yanzu ana maimaita labaran biyu a ɗakunan horo.

4.0 Matakan da Binciken Ya Bi

4.1 Zamanin Ba da Labari da Ƙiyasin Riba

Rubutu mafi daɗewa da masu bin tarihin fannin suke ambata shi ne na wani mai suna Gorby a 1937, wanda ya bayyana yadda tsofaffin ma'aikata suke jan sababbi domin rage ɓarnar kaya a masana'anta. Daga nan aka yi ta tafiyar hawainiya. Lokacin da Grant da Michael Cavanagh suka yi bitar shekaru 65 na fannin a 2004, maƙalun da suka samu a rumbun ilimin halayyar ɗan'adam ɗari da 'yan kai ne kawai, kuma mafi yawansu ra'ayoyi ne da labarin yadda wani koci ya yi da wani abokin hulɗa.

Bincike biyu na wannan zamani sun yi tashe sosai. A 1997 Olivero da Bane da Kopelman suka nazarci manajoji 31 a wata hukumar gwamnati a Amurka, suka ba da rahoton cewa horo kaɗai ya ƙara yawan aiki da kashi 22.4 cikin 100, amma da aka biyo shi da zaman koci na mako takwas sai ƙarin ya kai kashi 88. A 2001 kuma McGovern da abokan aikinsa suka tambayi shugabanni 100 da aka yi wa aikin koci, suka fitar da ƙiyasin cewa ribar ta ninka kuɗin da aka kashe sau 5.7. Waɗannan alƙaluma sun zama jarin masu talla. Sai dai binciken farko ba shi da rukunin da za a kwatanta da shi, ga ƙarancin mahalarta. Na biyun kuwa ma'aikatan kamfanin da ke sayar da aikin ne suka gudanar da shi, kuma alƙaluman ƙiyasi ne daga bakin waɗanda suka amfana, ƙasa da rabinsu ma suka iya faɗin adadin kuɗi. Grant da kansa ya yi rubutu a 2012 yana cewa ƙiyasin ribar kuɗi ma'auni ne mai rauni ga nasarar aikin koci.

4.2 Kafa Cibiyoyi da Mujallu

Bincike ba ya tsayuwa sai da gida. A shekarar 2000 Grant ya kafa sashen nazarin halayyar ɗan'adam a aikin koci a Jami'ar Sidni, wanda ake ɗauka shi ne na farko a duniya. A 2003 Jami'ar Oxford Brookes ta Ingila ta fara fitar da mujalla ta musamman a kan aikin koci da raino masu dogaro da hujja. Ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Birtaniya ta buɗe reshe na musamman ga fannin a 2004, sannan a 2006 ta haɗa hannu da takwararta ta Ostiraliya suka fara wata mujallar. A 2009 aka kafa cibiyar nazarin aikin koci a Asibitin McLean mai alaƙa da makarantar likitanci ta Harvard. Amfanin waɗannan cibiyoyi shi ne sun samar da wurin da masana za su tantance aikin juna kafin a wallafa, sun kuma fara yaye ɗaliban digiri na biyu da na uku waɗanda bincike ne sana'arsu.

4.3 Gwajin Rabo ta Ƙuri'a

Masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Hanya mafi ƙarfi ta gwaji ita ce a tara mahalarta, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa rukuni ɗaya aikin koci, ɗayan kuma ya jira ko a yi masa wani abu daban, sannan a auna su duka da ma'auni ɗaya. Ƙuri'a ce take hana masu himma su taru a gefe guda. Rukunin kwatanci kuma shi ne yake nuna abin da zai faru ko da ba a yi komai ba. Wannan yana da muhimmanci musamman a aikin koci, domin mutane sukan nemi koci ne a lokacin da al'amura suka cuɗe musu, kuma wanda ya kai maƙurar ƙunci yakan samu sassauci daga baya ko da bai ga kowa ba.

Kafin gwajin ƙuri'a ya yawaita, Smither da abokan aikinsa sun wallafa wani babban bincike a 2003. Sun bi manyan manajoji 1,361 da suka karɓi ra'ayoyin shugabanninsu da abokan aikinsu da na ƙasa da su, inda 404 daga ciki suka yi aiki da koci. Bayan shekara guda, waɗanda suka zauna da koci sun fi sauran tsara buri takamaimai da neman shawarar shugabanninsu, kuma makin da aka ba su ya fi ƙaruwa, amma bambancin ƙarami ne. Ba a raba su ta ƙuri'a ba, sai dai girman binciken ya sa ya zama abin rage zumuɗi.

A 2006 Green da Oades da Grant suka wallafa gwajin ƙuri'a a kan mutum 56 da suka bi shirin kocin rayuwa na mako goma, inda aka ga ƙaruwar himmar bin buri da kyakkyawan fata da walwala. A 2009 Grant da Curtayne da Burton suka yi irinsa da shugabanni 41 na wata hukumar lafiya ta gwamnati a Ostiraliya, waɗanda suka yi zama huɗu cikin mako goma. An samu ƙaruwar cim ma buri da juriya da walwala a wurin aiki, tare da raguwar damuwa. A 2019 Dyrbye da abokan aikinta suka gwada zama shida a kan likitoci 88 na Asibitin Mayo a Amurka. Gajiyar zuciya da ƙosawa da aiki sun ragu, amma ba a ga bambanci a gamsuwa da aikin kansa ba. Irin wannan sakamako mai fuska biyu ya fi alƙaluman talla amfani, domin yana nuna inda aikin yake tasiri da inda ba ya yi.

4.4 Tattara Sakamako

Bincike ɗaya mai mahalarta 40 ko 50 ba ya yanke hukunci. Shi ya sa masana suke haɗa sakamakon bincike da yawa ta hanyar lissafi, su fitar da abin da ake kira girman tasiri. A bisa al'adar fannin, 0.2 ƙaramin tasiri ne, 0.5 matsakaici, 0.8 kuma babba. Tasirin 0.5 yana nufin matsakaicin mutum a rukunin da aka yi wa aiki ya zarce kimanin kashi 69 cikin 100 na mutanen rukunin kwatanci.

A 2014 Theeboom da Beersma da van Vianen na Jami'ar Amstadam suka haɗa bincike 18, suka samu tasiri daga 0.43 a kan jure matsin lamba zuwa 0.74 a kan sarrafa kai wajen bin buri. A 2016 Jones da Woods da Guillaume suka haɗa bincike 17 na wuraren aiki kaɗai, suka samu jimillar tasiri 0.36. Sun kuma gano abubuwan da suka saɓa wa zaton kasuwa: kocin cikin gida ya fi na waje tasiri a bayanan da suka tara, kuma yawan zama bai ƙara sakamako ba. A 2023 de Haan da Nilsson suka taƙaita nazarinsu a kan gwaje-gwajen ƙuri'a zalla, rukunoni 39 masu mahalarta 2,528, suka samu 0.59.

A fagen ilimi hujjar ta fi kauri. Kraft da Blazar da Hogan sun haɗa bincike 60 a kan kocin malaman makaranta a 2018, suka samu tasirin 0.49 a kan yadda malami yake koyarwa da 0.18 a kan sakamakon ɗalibai. Sun kuma lura cewa shirye-shiryen da suka ƙunshi malamai da yawa sun fi ƙanana raunin tasiri, abin da ke nuna wahalar samun ƙwararrun kocina masu yawa a lokaci guda. Idan aka haɗa waɗannan duka, abin da za a iya faɗa da ƙarfin gwiwa shi ne aikin koci yana da tasiri matsakaici, wanda ya fi babu nesa, amma bai kai abin da ake tallatawa ba.

5.0 Inda Ginin Yake da Sauran Aiki

Giɓi na farko yana wajen ma'auni. Mafi yawan binciken ya dogara ne da takardar tambayoyin da abokin hulɗa yake cikewa a kan kansa. Mutumin da ya ba da lokacinsa, ya kuma saba da kocinsa, da wuya ya ce bai ƙaru ba. De Haan da Nilsson sun nuna cewa tasirin yakan fi girma idan mutum ne ya auna kansa, ya kuma ragu idan wasu ne suka auna shi. Tun 1959 Donald Kirkpatrick ya bambanta matakai huɗu na auna horo: jin daɗin mahalarci, abin da ya koya, sauyin ɗabi'arsa a wurin aiki, da sakamako ga hukumar. Binciken aikin koci ya fi yawa a matakan farko, ya yi ƙaranci a na ƙarshe. Haka kuma kaɗan ne suke komawa bayan shekara ɗaya ko biyu su ga ko sauyin ya ɗore.

Giɓi na biyu shi ne sanin abin da yake kawo tasirin. An daɗe ana ɗaukar cewa ingancin dangantaka tsakanin koci da abokin hulɗa shi ne sinadari mafi ƙarfi, bisa ra'ayin Edward Bordin na 1979 cewa haɗin gwiwar aiki ya ƙunshi yarda a kan buri, yarda a kan ayyuka, da shaƙuwa. Nazarin Graßmann da Schölmerich da Schermuly na 2020 ya samu alaƙa matsakaiciya, 0.41, tsakanin wannan haɗin gwiwa da sakamako. Amma alaƙa ba ta tabbatar da sababi. A wannan shekarar de Haan da abokan aikinsa sun kawo bayanan da ke nuna cewa ƙarfin dangantakar bai hango ƙarin sauyin da zai biyo baya sosai ba, suka karkata ga cewa shirin da abokin hulɗa ya zo da shi, kamar fatansa da yarda da iyawarsa, yana da babban rabo. Wannan muhawara ba ta ƙare ba, kuma tana da tasiri a kan abin da ya kamata a koya wa sababbin kocina.

Giɓi na uku shi ne illa. Duk abin da yake da ƙarfin gyara yana da ƙarfin ɓatawa. A 2002 Steven Berglas ya yi gargaɗi cewa kocin da ba shi da ilimin halayyar ɗan'adam yana iya ɗaukar larurar ƙwaƙwalwa a matsayin matsalar aiki, ya ƙara dagula ta. Gwaje-gwajen farko na Ostiraliya sun ƙarfafa wannan damuwa, domin da aka tantance masu son shiga, an samu daga rubu'i zuwa kusan rabinsu suna da alamun damuwar da ta kai a kula da ita. Carsten Schermuly da abokan aikinsa a Jamus sun fara nazarin illolin aikin koci daga 2014, suka samu abubuwa kamar tono matsalolin da ba a iya magance su a zaman ba, da raguwar gamsuwa da aiki, da tsamin dangantaka da shugaba. Yawancinsu masu sauƙi ne kuma ba sa daɗewa, amma sana'ar da ba ta ƙidaya illolinta ba ta cika sharaɗin dogaro da hujja ba.

Giɓi na huɗu ya shafi masu binciken kansu. Da yawa daga cikinsu kocina ne masu cin abinci da sana'ar, kuma mujallu sun fi son wallafa sakamako mai daɗi. Nazarin 2023 ya ga alamun wannan karkata a fili. Maganinta sananne ne a likitanci: a yi rajistar tsarin gwaji kafin a fara, a bayyana duk wata alaƙar kuɗi, a wallafa sakamako ko ya yi daɗi ko bai yi ba, a kuma bar wasu su maimaita gwajin.

6.0 Hujja da Muhalli

A 2010 Henrich da Heine da Norenzayan suka nuna cewa mafi yawan abin da ilimin halayyar ɗan'adam yake faɗa a kan mutum an samo shi ne daga al'ummomin Yamma masu boko da wadata. Binciken aikin koci bai tsira daga wannan ba, domin akasarinsa daga Amurka da Birtaniya da Ostiraliya da Jamus da Holan ya fito. Tsarin da ya ɗauka cewa mutum shi kaɗai yake yanke burinsa, yana kuma iya faɗa wa na gaba da shi ra'ayinsa kai tsaye, yana buƙatar sabon gwaji a al'ummar da kunya da kara da girmama na gaba suke da nauyi, inda kuma shawarar iyali take shiga zaɓin sana'a. Takardun tambayoyin da aka tsara da Ingilishi su ma ba sa zama ma'auni a wani harshe da fassara kawai, sai an sake tantance su a kan masu harshen.

Akwai misalan da ke nuna cewa irin wannan gwaji mai yiwuwa ne a Afirka. A lardin Arewa maso Yamma na Afirka ta Kudu, Cilliers da Fleisch da Prinsloo da Taylor sun kwatanta horon malamai a babban ɗaki da ziyarar koci a aji wajen koyar da karatu da harshen Setswana. Bayan shekara biyu, tasirin koci a kan karatun yara ya kai 0.24, na horo kuma 0.12. A jihohin Bauci da Sakkwato ma, shirin binciken karatu na RARA da aka gudanar tsakanin 2014 da 2015 ya gwada koyar da karatun Hausa a aji biyu na firamare ta hanyar kwatanta makarantu, inda jami'an tallafa wa makarantu suka riƙa ziyartar malamai a matsayin kocina. Wannan ya nuna cewa jami'o'in ƙasar Hausa suna da filin da za su ɗora a kai, musamman sassan ilimi da na halayyar ɗan'adam da na harshe, waɗanda haɗuwarsu ce za ta samar da ma'aunai ingantattu da Hausa.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa aikin koci na ƙwararru ya taso daga hannun masu aiki, ya daɗe yana dogaro da labari da ƙiyasi, kafin jami'o'i su shigar da shi fagen gwaji daga shekarar 2000. Abin da aka tara zuwa yanzu ya tabbatar da tasiri matsakaici, musamman a kan tsara buri da bin sa. Abin da ya rage shi ne ma'aunin da bai tsaya a bakin mai amfana ba, da bibiya mai tsawo, da gano sinadarin da yake aiki, da ƙidaya illa, da gwaji a al'ummomin da ba a taɓa gwadawa ba. Ga hukumar da za ta ɗauki koci, tambayoyi uku sun wadatar a matakin farko: wace hanya yake bi, da wane rukuni aka kwatanta waɗanda aka gwada ta a kansu, kuma me zai yi idan ya ga matsalar da ta fi ƙarfin iliminsa. Kocin da ya iya amsa su ya cancanci a saurare shi, sana'ar da ta saba da jin su kuma ita ce za ta samu amincewar jama'a mai ɗorewa.